Mai Haƙa Rijiya Ba Baranmu Ba Ne

A wannan mako muna so mu yi magana a kan wani laifi da mu da kanmu muka yi, domin mun lura ba mu kaɗai ke yinsa ba. Laifin kuwa na harshe ne, ko da yake da ɗan yatsa aka aikata shi, a kan wayar hannu.

Duk wanda ke zaune a Batsari ko Safana bai manta da watan Satumba na shekarar 2021 ba. A wannan wata ne, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda ta'asar 'yan bindiga da ke fitowa daga dajin Rugu da sauran dazuzzuka. Batsari da Safana suna ciki, haka nan Jibiya da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Dutsin-ma. Makonni suka yi ta wucewa, ba kira, ba saƙo. Mai son jin lafiyar ɗansa da ke Kaduna ko Jos sai ya shiga mota ya tafi inda akwai sabis.

A waɗannan kwanaki ne muka gane cewa waya ba ta da wani amfani in ban da abin da aka riga aka zuba a cikinta. Wani saurayi daga cikin matasan ƙaramar majami'armu ya je birnin Katsina, ya sauko da wata manhaja ta karatun Littafi Mai Tsarki wadda ba ta bukatar intanet, ya dawo ya rarraba mana daga waya zuwa waya. Ko kwabo ba mu biya ba. Da ita tsofaffin da idonsu ya yi rauni suka riƙa karatu, gama ana iya ƙara girman baƙaƙen. Da ita kuma iyalan da suka gudo daga ƙauyuka, suka baro littattafansu a baya, suka riƙa yin addu'ar safe.

Amma fa tana da aibi ɗaya. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba sa fitowa a wasu wayoyi, sai dai ka ga wani ɗan akwati a gurbinsu. Duk mai karanta Hausa ya san tsakanin ƙasa da kasa, ko ɓata da bata, akwai tazara. Wata Lahadi mai karatun Nassi ya yi ta tuntuɓe a gaban jama'a, har yara suka fashe da dariya, shi kuwa ya zauna ransa a ɓace.

Da sabis ya dawo, sai muka zauna mu huɗu muka rubuta wasiƙa da Turanci zuwa adireshin da ke cikin manhajar. Ba mu yi sallama ba, ba mu yi godiya ba. Muka ce aikin banza ne, an raina harshenmu kamar yadda aka saba raina Afirka, kuma a gyara cikin mako ɗaya. A zatonmu wani babban kamfani ne mai benaye da ma'aikata ɗaruruwa. Bayan mako uku amsa ta zo. Ashe mutum ɗaya ne tak. Ya ce yana da aikin da yake ciyar da iyalinsa da rana, wannan kuwa da dare yake yinsa bayan yara sun kwanta, kuma ba wanda ke biyansa. Bai taɓa jin Hausa ba, bai ma san akwai baƙaƙe masu lanƙwasa ba. Ya ba mu haƙuri, ya roƙi mu aiko masa da hoton abin da muke gani da kalmomi kamar goma don gwaji. A ƙarshe ya ce ya jinkirta amsa ne domin wasiƙarmu ta sa ya yi tunanin ajiye aikin gaba ɗaya.

Kunya ta rufe mu. Muka aika da abin da ya nema tare da roƙon gafara, kafin wata ya cika kuwa baƙaƙen suka fito daidai. Sai dai magana zarar bunu ce, wadda ta fita ba ta komawa. Tun daga ranar muke bin diddigin wannan al'amari, abin da muka koya kuma shi muke so mu raba da ku.

Akwai manhajoji iri biyu. Akwai waɗanda kamfani ke rubutawa ya kulle sirrinsu, sai dai ka saya ko ka yi haya. Akwai kuma waɗanda ake kira masu buɗaɗɗen tushe, wato an bar rubutun umarnin da aka gina su da shi a fili, kowa na iya dubawa, ya kwafa, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa ba tare da ya zama ɓarawo ba. Wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ne ya tsaya wa wannan tafarki tun daga 1983. A 1991 kuma wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta abin da ake kira Linux ya sake shi ga duniya. Kada mai karatu ya ce wannan zancen 'yan boko ne da bai shafe shi ba. Tsarin Android da ke cikin wayoyin Tecno da Itel da Infinix da muke shafawa a kan Linux aka gina shi. Manhajar VLC da matasanmu ke kallon fim ɗin Yesu da waƙoƙin Zumuntar Mata da ita, ɗaliban wata makarantar injiniyoyi ta Faransa ne suka fara ta a 1996, aka buɗe tushenta a 2001.

Ko a asibitocinmu tana nan. Rahoton da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi ke aikawa kowane wata, na haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro, ta manhajar DHIS2 yake bi, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagoranta, ita ma tushenta a buɗe yake. Masu sa ido a kan rigakafin shan-inna sun yi amfani da ODK, wadda aka fara a Jami'ar Washington ta Amurka a 2008, domin tana karɓar bayani ko da babu sabis, sai an iso gari a tura. Ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka bayyana cewa an kawar da ƙwayar shan-inna ta daji daga Afirka, irin waɗannan kayan aiki na da nasu rabon a cikin nasarar. A fannin ikilisiya ma, ƙungiyar SIL ta buɗe tushen Keyman, manhajar da ke taimaka wa mutum ya buga ɓ da ɗ da ƙ a kwamfuta, ƙungiyar Biblica kuma ta saki fassarar Sabon Rai Don Kowa a kan buɗaɗɗen lasisi domin masu rubuta manhaja su iya ɗauka su kai wa jama'a.

Gaskiya ne ba duk masu wannan aiki ne ba su da albashi ba. Manyan ayyuka irin su Linux suna da kamfanonin da ke biyan wasu ma'aikata. Amma kowace babbar manhaja a kan ƙananan gutsattsari masu yawa take tsaye, kamar yadda soro ke tsaye a kan azara, kuma da yawa daga cikin gutsattsarin nan mutum ɗaya ko biyu ne ke kula da su don sa-kai. A nan sai mu yi bayani, gama a yankinmu da an ce 'yan sa-kai sai hankali ya tafi ga masu bindiga ƙirar gida da ke gadin ƙauye. Ba su muke nufi ba. Muna nufin ma'anar kalmar ta asali, wato mutumin da ya sa kansa aiki don amfanin jama'a ba da lada ba.

In akwai waɗanda ya kamata su fi kowa fahimtar irin wannan mutum, to mu ne. Wa ke biyan malamar makarantar Lahadi? Wa ke biyan mawaƙa da ke zuwa koyon waƙa sau biyu a mako bayan sun dawo daga gona? Ma'ajin ikilisiya da ke ƙirga baiko har azahar, da matan da ke share majami'a ranar Asabar, da saurayin da ke tayar da janareta, dukansu kyauta suke yi. Mun kuma san yadda ake rasa su. Ba nauyin aikin ne ke korarsu ba sau da yawa. Kalma ɗaya ce mai zafi a bakin ƙofa bayan sujada, daga wanda bai taɓa ɗaukar tsintsiya ba. Mako mai zuwa sai a ga gurbinsa ba kowa, a yi ta tambaya me ya faru.

Iyayenmu sun san wannan tun kafin a ƙera kwamfuta. In an kira gayya a Runka ko Wagini ko Ruma, mai gona ba ya tsayawa a kan 'yan gayya da bulala. Fura yake kawo musu, ya yi musu sannu, in wani ya bar ciyawa a kunya sai a nuna masa cikin raha. Ɗan ƙodago kana iya yi masa faɗa tun da za ka biya shi da yamma, ko da yake shi ma mutunci ya fi. Ɗan gayya kuwa in ka tsawata masa, sai ya saɓa fartanyarsa ya yi gida, ba kuwa alƙalin da zai dawo maka da shi. Manhaja mai buɗaɗɗen tushe rijiya ce da aka haƙa da gayya a bakin hanya. Lasisin da ke tare da ita ma ya faɗa a sarari cewa an ba ka ita yadda take, babu alkawarin gyara. Wanda ya haƙa ta bai ci bashin kowa ba.

Wani zai ce, to in ma an ɓata wa mutum ɗaya rai a wata ƙasa mai nisa, me ya yi zafi? Bari mu ba ku labarin abin da ya faru da idon duniya. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna XZ, aikinta matse fayil ya ƙanƙance, tana cikin kusan kowace kwamfutar da ke aiki da Linux, har da manyan na'urorin da bankuna da gwamnatoci ke ajiye bayanansu. Shekara da shekaru wani mutumin Finland mai suna Lasse Collin ne ke kula da ita, kusan shi kaɗai, ba albashi. A 2022 sai wasu suka fara aiko masa da saƙonni masu zafi, suna cewa ya yi sakaci, ya shaƙe aikin, ya ba wani wuri in ba zai iya ba. Ya amsa musu cewa aikin na sha'awa ne da ba a biyansa, kuma ya daɗe yana fama da rashin lafiyar da ta shafi tunaninsa. Ba su sassauta ba. A gefe guda kuwa akwai wani mai amfani da sunan Jia Tan da ya fara kawo taimako tun 2021, mai ladabi da ƙwazo. Da matsi ya yi yawa, sai Collin ya riƙa sakar masa ragamar aikin.

A watan Fabrairu da Maris na 2024 wannan Jia Tan ya cusa wata ɓarauniyar ƙofa a cikin manhajar, wadda da ta yaɗu, da mai makullinta ya iya shiga kwamfutoci masu ɗimbin yawa a duniya ba tare da izini ba. Allah ya sa wani injiniya Bajamushe mai aiki da kamfanin Microsoft, Andres Freund, ya lura cewa shigarsa wata kwamfuta na jinkirin kamar rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya tono abin. Ya sanar da duniya ranar 29 ga Maris, 2024, ranar Jumma'ar da muke tunawa da gicciye Ubangijinmu. Masu bincike da yawa suna ganin cewa waɗancan masu saƙonnin zafi sunayen bogi ne, kuma bakinsu ɗaya da ɓarawon. Abin lura a nan shi ne, ba wanda ya yi mamakin saƙonnin nasu a lokacin, domin haka aka saba yi wa masu sa-kai magana. Ɓarawo ya ɓuya a cikin rashin ladabin mutanen kirki. Mu da muke zaune a bakin daji mun san ma'anar a gajiyar da mai gadi.

Ba wannan kaɗai ba ne. A watan Afrilu na 2014, da aka gano wani babban kuskure a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin masu hulɗa da intanet, sai duniya ta ji cewa mutum ɗaya ne kawai ke aikinta cikakken lokaci, gudummawar da ake ba su kuma ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. A watan Yuli na 2018 Guido van Rossum, mutumin Holan da ya ƙirƙiro harshen kwamfuta na Python, ya sauka daga shugabancinsa bayan wata gardama mai ɗaci da ta gajiyar da shi. Wasiƙar Yakubu sura 3 ta kwatanta harshe da ɗan ƙaramin tartsatsi da ke cinye babban kurmi, kuma ga shi muna gani a zamanin na'ura.

To shin sai mu yi shiru ke nan in mun ga kuskure? Ko kaɗan. Kukanmu na baƙaƙe masu lanƙwasa kuka ne na gaskiya. Harshen da mutane miliyoyi ke magana da shi a Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru har Sudan bai cancanci a cika shi da akwatuna ba, kuma da mun yi shiru da har yau ba a gyara ba. Masu rubuta manhaja da kansu suna roƙon a sanar da su matsala, gama wanda ke zaune a Turai ba zai taɓa ganin abin da ke faruwa a wayar da ke Safana ba. Kuma ba mu ce dukansu waliyyai ne ba. Shi kansa Linus Torvalds an san shi da kaushin harshe ga masu taimaka masa, har a watan Satumba na 2018 ya fito fili ya nemi gafara, ya ɗan janye daga aiki don ya gyara halinsa. Ladabi wajibi ne a kan kowane ɓangare. Amma namu ɓangaren shi ne wanda za mu ba da lissafinsa.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana yadda ake kai kuka. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu bi da ke jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata a rabon abinci na yau da kullum. Kukan gaskiya ne, kuma ya shafi bambancin harshe, kamar namu. Manzanni ba su musa ba. Amma maganin da aka samo shi ne ƙarin hannu: aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas da Filibus, duka bakwai ɗin kuwa sunayen Helenanci gare su, abin da ke nuna cewa daga ɓangaren masu kukan aka ɗauko masu aikin. Haka nan a Fitowa sura 18, da Yetro ya ga surukinsa Musa na shari'a shi kaɗai tun safe har yamma, bai zarge shi da jinkiri ba. Ya nuna masa cewa kayan sun fi ƙarfin mutum ɗaya, ya ba shi shawarar raba su. Saboda haka ga shawarwarin da muke bayarwa ga matasanmu da sakatarorin ikilisiya da duk mai waya a hannu.

Na farko, kafin ka rubuta, ka bincika a gida. Sau da yawa laifin na wayarka ne, ko kana riƙe da tsohon zubin manhajar alhali an riga an gyara a sabo. Tambayi wanda ya fi ka sani a unguwa ko a majami'a. Lokacin mai sa-kai kaɗan ne, kada a cinye shi da abin da mai gyaran waya a bakin kasuwa zai warware cikin minti biyar.

Na biyu, ka yi sallama. Bahaushe ba ya faɗawa gidan mutum ba gaisuwa, ko da gobara ya zo faɗa. Ban da haka, ka gaya masa amfanin da aikinsa ya yi maka. Mutumin da muka rubuta wa bai taɓa sanin cewa 'yan gudun hijira a yammacin Katsina na addu'a da manhajarsa ba. Sai dai gaisuwar ta zama gajera, layi ɗaya ko biyu, domin su ba su saba da doguwar gaisuwa irin tamu ba. A kuma yi hattara da Turancin ofis da muka koya, wanda ya cika da umarni da kalmar gaggawa. A kunnensu kamar shugaba ne ke yi wa masinja magana.

Na uku, ka faɗi abin da ya faru dalla-dalla, kamar yadda kake yi wa likita bayani. Wace irin waya ce? Mece ce lambar zubin manhajar? Me ka danna, me ka sa rai za ka gani, me kuma ka gani? Ka haɗa da hoton fuskar wayar. Cewa kawai abin ba ya aiki daidai yake da a kai yaro asibiti a ce ba shi da lafiya a yi shiru. Ka tsaya a kan matsalar, kada ka shiga zuciyar mutum ka ce ya yi ne don raini, gama Allah kaɗai ya san zuciya. A nan ne mu muka fi yin kuskure.

Na huɗu, kada ka sa wa'adi. Wanda ba ka biya ba, ba ka yanka masa rana. In mako biyu ko uku sun wuce ba amsa, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi. Kada ka bi shi har lambar wayarsa ta gida ko shafin iyalinsa. In kuma ka tarar wasu sun taru suna caccakar mai sa-kai, kada ka ƙara itace a wutar ko da kukansu irin naka ne. Ka tuna da labarin XZ.

Na biyar, ka yarda cewa yana da ikon ya ce a'a. Daga baya mun roƙi mutumin nan ya ƙara mana hanyar sauraron karatu da murya saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Ya ce ba shi da lokacin, muka ce mun gode. Alherin buɗaɗɗen tushe shi ne, in ya ƙi, ƙofa ba ta rufe ba. Muna da 'ya'ya da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, nan kusa da Safana, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Lasisi ya ba su dama su ɗauki aikin su ƙara abin da muke bukata, sa'an nan su mayar wa mai shi don kowa ya amfana.

Na shida, ka koma ka yi godiya. A Luka sura 17 mutum goma ne aka warkar daga kuturta, ɗaya kaɗai ya dawo, shi ma baƙo ne, Basamariye, har Ubangiji ya tambayi ina sauran. Masu rubuta manhaja suna cewa sai abu ya lalace suke jin muryar mutane, in yana aiki lafiya kuwa shiru kake ji. Godiya kuma ba ta tsaya a baki ba. Mai jin Turanci da Hausa na iya fassara kalmomin manhaja. Mai waya na iya gwada sabon zubi ya ba da rahoto. Majami'ar da ke amfani da manhajar kyauta kowace Lahadi don haska waƙoƙi a majigi ko riƙe lissafin baiko, ya kamata dattawanta su ware wani abu a kasafin shekara, kome ƙanƙantarsa, su aika wa masu aikin kamar yadda ake tallafa wa mai bishara a ƙauye.

Kada mu ɗauka duk masu wannan sa-kai Turawa ne. Akwai samari da 'yan mata a Kano da Katsina da Zariya da Jos da Maraɗi da ke rubuta Wikipedia ta Hausa, da masu naɗar muryarsu a shirin Common Voice na Mozilla don na'ura ta koyi jin Hausa, da masu fassara manhajoji zuwa harshenmu. Da kuɗin aljihunsu suke sayen data. Yawancinsu maƙwabtanmu Musulmi ne, kuma abin da suke ginawa mu da su za mu sha daga gare shi. Amma sau nawa muke ganin an yi wa ɗayansu ca saboda ya zaɓi kalmar Kananci a inda Bakatsine zai faɗi wata, ko ya manta lanƙwasa a kan baƙi ɗaya? In kana da kalmar da ta fi tasa, ka kawo ta da hujja da fara'a. In ya ji daɗin gyaranka zai sake neman ka, in kuwa ka kunyata shi, Hausa ce ta yi asarar ma'aikaci. Ga mu masu bi da ba mu da yawa a wannan yanki, yadda muke yi wa irin waɗannan matasa magana shaida ce da ake karantawa fiye da wa'azinmu.

Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Tasalonikawa sura 5, ya gargaɗi masu bi su san darajar masu wahala a cikinsu, su girmama su saboda aikinsu. Shugabannin ikilisiya yake nufi, mun sani, amma wanda ya koyi wannan hali a cikin majami'a ba zai tuɓe shi a bakin ƙofa ba sa'ad da ya ɗauki waya. Muna roƙon fastoci da shugabannin matasa su ɗauki wannan batu a taron matasa na wata mai zuwa. A tambayi kowa manhajojin kyauta nawa ne a wayarsa, a nemo masu kula da ko da guda ɗaya, a rubuta musu wasiƙar godiya da sunan majami'a, ba tare da an roƙi kome a ciki ba. Mu mun rubuta tamu, ko da yake a makare.

Ubangiji ya tsare bakinmu da yatsunmu, ya sa albarka ga duk masu yi wa jama'a aiki a ɓoye, ya kuma kawo zaman lafiya a Batsari da Safana da ƙasarmu baki ɗaya. Amin.